ME KE SA MUTUM YA ƊAUKI MAKAMI? DARASI DAGA RUWANDA

 A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wata tambaya da yara kan yi idan an kunna rediyo da safe an ji labarin yaƙi a wata ƙasa. Yaro kan dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, wai me ya sa suke kashe junansu?" Sau da yawa amsar da akan ba shi ita ce, "Mugaye ne kawai," ko kuwa, "Ai dama can ba sa ga maciji da juna."

To, masana ilmin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya fi waccan amsa ban tsoro. Mafi yawan masu ɗaukar makami mutane ne irinmu, manoma da 'yan kasuwa da 'yan makaranta, masu iyaye da 'ya'ya. Ba a kwana ɗaya suke rikiɗewa ba. Mataki-mataki ake jan su, kuma igiyar da ake jan su da ita, ita ce dai igiyar da ke ɗaure mutum da 'yan'uwansa. Domin mu ga yadda abin ke tafiya, bari mu ɗauki ƙasa guda mu duba, wato Ruwanda.

ABIN DA YA FARU A RUWANDA

Ruwanda 'yar ƙaramar ƙasa ce mai tsaunuka a tsakiyar Afirka. Mafi yawan mutanenta Hutu ne, sai Tutsi waɗanda ba su kai kashi 15 cikin 100 ba a wancan lokaci. Harshensu ɗaya, gonakinsu na maƙwabtaka da juna, kasuwarsu ɗaya, har auratayya suna yi.

Ran 6 ga Afrilu, 1994, aka harbo jirgin saman da ke ɗauke da shugaban ƙasar, Juvénal Habyarimana, wanda Hutu ne, yana gab da sauka a Kigali, babban birni. Tun a daren aka fara kisa. Cikin kwana 100 kacal an hallaka mutane kimanin 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, akasarinsu Tutsi, tare da Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan. Sojoji da 'yan banga ne suka jagoranci aikin, amma da yawa daga waɗanda suka riƙe adda da kulki maƙwabtan mamatan ne.

A shekarar 2002 wani masani Ba'amurke, Scott Straus, ya shiga gidajen yarin Ruwanda ya yi hira da mutum 210 waɗanda suka amsa laifin shiga kisan. Ya tarar yawancinsu manoma ne, masu aure da 'ya'ya, ba su taɓa zubar da jini ba kafin wannan shekara. Mafi yawansu sun ce suna zaman lafiya da maƙwabtansu Tutsi, da yawa ma suna da surukai a cikinsu. To, ta yaya aka yi haka? Matakai huɗu za mu duba.

MATAKI NA FARKO: "MU" DA "SU"

Kowane ɗalibi ya san wannan. Da zarar an ce za a yi gasar ƙwallo ko kacici-kacici tsakanin aji huɗu da aji biyar, sai ka ga yaran da suka ci kwano ɗaya da safe sun fara hararar juna. Abin yana cikin jinin ɗan Adam: yana son ya ga ɓangarensu a sama.

Wani masani ɗan asalin Turkiyya, Muzafer Sherif, ya gwada wannan a shekarar 1954 a jihar Oklahoma ta Amurka. Ya tattara yara maza 22, 'yan kimanin shekara 11, waɗanda ba su san juna ba, ya kai su wani sansanin hutu a daji, ya raba su gida biyu. Ɓangare ɗaya suka sa wa kansu suna Gaggafa, ɗayan kuma Macizai. Daga nan aka shirya musu gasa, irin su jan igiya da wasan ƙwallo, aka ce wanda ya ci zai kwashe kyauta duka, wanda ya faɗi ba shi da komai. Ba a yi kwanaki ba Gaggafa suka ƙona tutar Macizai. Macizai suka kai hari ɗakin kwanan Gaggafa da dare suka birkita musu kaya. Aka shiga zage-zage da dambe, har ba sa son cin abinci a ɗaki ɗaya. Ka tuna fa, babu bambancin ƙabila ko addini ko harshe tsakanin yaran nan. Layi kawai aka ja, aka sa kyauta a tsakiya.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu sani. Shekara guda kafin nan, a 1953, Sherif ya yi irin wannan gwaji da wasu yaran bai yi nasara ba. Yaran sun riga sun yi abota kafin a raba su, kuma da suka ga ana lalata musu kaya sai suka gane cewa manyan da ke kula da su ne ke son haɗa su faɗa, suka ƙi yarda. Wannan ya nuna mana cewa rabuwa kashi biyu kaɗai ba ta isa ba. Sai an samu mai hura wuta.

A Ruwanda Turawan Beljiyam ne suka ƙarfafa layin. A shekarun 1930 suka fito da katin shaida wanda aka rubuta ƙabilar kowa a jiki, suka fifita Tutsi wajen sarauta da ilmi. A 1959 Hutu suka yi bore, Tutsi masu yawa suka yi gudun hijira zuwa ƙasashen maƙwabta, mulki ya koma hannun Hutu, fifikon ya juya. Katin nan kuwa bai gushe ba. Shi ne aka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994 don a san wanda za a kashe.

MATAKI NA BIYU: TSORO DA CANZA SUNA

Mutum ba ya son a kira shi azzalumi. Saboda haka da wuya mai shirya fitina ya ce wa jama'a, "Ku zo mu je mu zalunci wasu." Abin da yake cewa shi ne, "Ga su nan tafe, in ba ku riga su ba za su gama da ku."

A watan Oktoba na 1990 'yan tawayen RPF, waɗanda akasarinsu 'ya'yan Tutsi 'yan gudun hijira ne, suka shigo Ruwanda da yaƙi daga Yuganda. A watan Oktoba na 1993 kuma sojojin Tutsi a maƙwabciyar ƙasa Burundi suka kashe zaɓaɓɓen shugaban ƙasar, Melchior Ndadaye, wanda Hutu ne. Tsoro ya cika zukata. Masu tsattsauran ra'ayi suka samu abin da suke nema. A 1993 ɗin suka buɗe gidan rediyon RTLM, mai sa kiɗan zamani da barkwanci don ya ja hankalin samari. A tsakanin kiɗa da raha ake cusa wa mai sauraro cewa kowane Tutsi, har tsohuwa da jariri, ɗan leƙen asirin 'yan tawaye ne.

Sannan aka canza sunaye. Rediyon ya riƙa kiran Tutsi "inyenzi," wato kyankyasai. Shi kuma kisan aka riƙa kiran sa "aiki." Kun ga dabarar? Zuciyar mutum tana ƙyamar kashe mutum irinsa, amma ba ta jin komai in ya take kyankyaso. Kuma wanda ya fita "aiki" da safe yana iya dawowa gida ya wanke hannu ya ci tuwo. Gaskiyar Hausawa da suka ce baki shi ke yanka wuya. Duk inda ka ji an daina kiran wasu mutane da sunansu, an koma kiran su da sunan ƙwari ko dabbobi ko cuta, to ka san ana share fagen wani abu ne.

MATAKI NA UKU: UMARNIN NA GABA

A shekarar 1961, a jami'ar Yale ta Amurka, wani masani mai suna Stanley Milgram ya gayyaci mutane ya ce musu ana binciken yadda horo ke taimaka wa koyo. Aka zaunar da kowannensu gaban wata na'ura, aka ce duk lokacin da "ɗalibin" da ke ɗaki na kusa ya yi kuskure, ya danna masa wutar lantarki, kuma kowane kuskure a ƙara ƙarfinta, daga bolt 15 har zuwa 450. Wutar gidajenmu fa ba ta wuce 240 ba. A gaskiya babu wutar da ke tafiya, ɗalibin ɗan wasan kwaikwayo ne, amma mai dannawa bai sani ba. In ya yi jinkiri, sai wani mutum mai rigar masana ya ce masa ya ci gaba. Cikin mutum 40, mutum 26 sun danna har ƙarshe, wasunsu suna gumi suna rawar jiki.

Abu biyu za mu lura da su. Na ɗaya, ba da 450 aka fara ba, da 15 aka fara, ana ƙara kaɗan-kaɗan, ta yadda babu wurin da mutum zai ce, "A nan ne na ƙetare iyaka." Na biyu, masanan da suka sake nazarin gwajin daga baya sun lura cewa mutane sun fi biyayya idan an gamsar da su cewa abin da suke yi yana da amfani mai girma. Idan aka ce musu kai tsaye ba su da zaɓi, da yawa sai su tubure. Ashe mutum ya fi haɗari lokacin da yake ganin alheri yake yi.

Dubi yadda wannan ya bayyana a Ruwanda. A lardin Butare da ke kudu, inda Hutu da Tutsi suka fi cuɗanya, gwamnan lardin, Jean-Baptiste Habyalimana, ya tsaya kai da fata ya hana kisa, kuma kusan mako biyu lardin bai faɗa cikin bala'in kamar sauran wurare ba. Sai gwamnatin riƙon ƙwarya ta tsige shi. Ran 19 ga Afrilu shugaban riƙon ƙwarya ya zo Butare da kansa ya yi jawabi yana zargin masu nuna halin ko-in-kula, aka shigo da sojoji da 'yan banga. Daga nan Butare ta zama ɗaya daga wuraren da aka fi zubar da jini. Mutanen su ne dai na jiya. Bakin da ke ba da umarni ne ya canza.

MATAKI NA HUƊU: IDON ABOKAI

Wannan shi ne mafi ƙarfi duka. Tun a shekarar 1377 malamin tarihi Ibn Khaldun, haifaffen Tunis, ya yi bayani a littafinsa Muƙaddima cewa ƙarfin kowace runduna yana cikin abin da ya kira asabiyya, wato jin cewa ni da waɗannan mutane abu guda ne, abin da ya taɓa su ya taɓa ni.

Binciken zamani ya gaskata shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, masana ƙarƙashin Samuel Stouffer sun tambayi dubban sojojin Amurka abin da ke riƙe su idan wuta ta yi wuta. Kaɗan ne suka ambaci manyan manufofin da shugabanni ke faɗa a rediyo. Abin da suka fi ambata shi ne addu'a, da kuma tunanin kada su ba abokansu kunya. Haka nan a 1948 wasu masana biyu, Edward Shils da Morris Janowitz, suka bayyana cewa sojojin Jamus da yawa sun ci gaba da faɗa bayan kowa ya san an ci su, muddin 'yar ƙungiyar da suke ci tare, suke kwana tare, ba ta watse ba. In ta watse, sai su miƙa wuya.

Wannan ɗabi'a ba mugun abu ba ce. Ita ce ke sa soja ya koma cikin ruwan harsashi ya ɗauko abokinsa da aka harba. Ita ce ke sa 'yan unguwa su fito da guga idan gidan maƙwabci ya kama da wuta. Amma kamar wuƙa take, tana yanka nama, tana yanka yatsa.

A Ruwanda, ƙungiyar 'yan bangar da ta fi yin ta'asa, Interahamwe, ta samo asali ne daga reshen matasa na jam'iyya mai mulki. Samari ne da suka saba taruwa, suna waƙa, suna rawa, suna sa kaya iri ɗaya. Da Straus ya tambayi fursunonin nan dalilin shigarsu, amsar da ta fi yawa ba ƙiyayya ba ce. Matsin lambar 'yan'uwansu Hutu ce. Gungun mutane za su tsaya a ƙofar gidanka su ce, "Fito mu tafi." In ka ƙi, a ce kai ma maci amana ne, a ci ka tara, ko a doke ka, wani lokaci ma a kashe ka. Kuma a cikin taro kowa yana ganin ba shi ne ya yi ba, "mu" ne muka yi, sai nauyin ya rarrabu har kowa ya ji nasa kason ba shi da yawa.

Amma a kula: bayyana dalili ba wanke laifi ba ne. Kotuna sun hukunta waɗannan mutane, kuma daidai ne, domin wasu sun shiga irin wannan matsi amma suka ƙi.

WAƊANDA SUKA ƘI

Straus ya ƙiyasta cewa waɗanda suka shiga kisan sun kai 175,000 zuwa 210,000. Adadi ne mai yawa, amma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na manyan mazan Hutu ba. Akwai Hutu da suka ɓoye maƙwabtansu a rufin ɗaki da ramuka, wasu suka rasa ransu a kan haka.

Akwai kuma Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali. Ba ya ɗauke da bindiga. Mota kawai gare shi, da iya magana. Yakan ɗebi mutane 'yan kaɗan, ya ratsa shingayen 'yan banga yana yi musu raha, yana ba su 'yar kyauta, har ya kai mutanen wurin tsira, ya koma ya ɗebo wasu. Cikin waɗanda ya ceta har da 'ya'yan firayim minista Agathe Uwilingiyimana, wadda aka kashe a farkon rikicin. Ran 31 ga Mayu, 1994, ɓarɓashin wani bam ya same shi a motarsa ya rasu. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro lambar yabo ta jarumtaka da sunansa.

Ko a gwajin Milgram an ga tasirin mai ƙi. Da aka zaunar da mai danna wuta tare da wasu mutum biyu waɗanda suka miƙe suka ce ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Daga 26 zuwa 4! Yadda idon abokai ke jan mutum cikin ɓarna, haka yake iya fitar da shi.

Yaran Sherif fa, yaya aka ƙare da su? An fara haɗa su cin abinci tare, sai suka koma jifan juna da abincin. Abin da ya yi magani shi ne matsalar da ta shafi kowa. Aka toshe bututun ruwan sansanin, dole suka haɗu suka gyara. Motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, suka kama igiyar nan da suka yi gasa da ita suka ja motar tare. Ranar komawa gida su da kansu suka roƙi a sa su a mota ɗaya.

MU FA, INA RUWANMU?

Wani zai ce Ruwanda ta yi nisa. To, ga na kusa. A 2016 ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta fitar da sakamakon hirar da ta yi da tsofaffin 'yan Boko Haram 47 a arewa maso gabashin Najeriya. Kusan dukkansu sun ce wani aboki, ko ɗan'uwa, ko abokin kasuwanci ya riga su shiga. Wasu kuma da rancen jari aka fara jan su. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon hira da mutum 495 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabaab da ƙafarsu. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani abin da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama wani nasu. Kashi 57 kuwa sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addinin da aka ce don shi ake faɗa ba, ko kuma fahimtarsu kaɗan ce. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka daɗe suna karatun addini sun fi wuyar ruɗuwa. Kun ga ke nan zaman da kuke yi gaban malamanku ba ƙaramin kariya ba ne, kuma su ma hukumomi akwai nasu darasin: zalunci yana haifa wa fitina sojoji.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, riƙe waɗannan tambayoyi. In an turo maka saƙo ta WhatsApp ko Facebook cewa "su" sun yi kaza, "su" na shirin kaza, tambayi kanka: wa ya gani da idonsa, kuma wa zai amfana in na fusata? In ka ji ana kiran wasu mutane da sunan dabbobi, kada ka yi dariya, kada ka tura wa wani. In wani babba ya ba ka kuɗi ko waya ya ce kada ka gaya wa iyayenka ko malaminka, to ranar nan ka gaya musu. In abokanka suka ce, "In kai namiji ne ka biyo mu," ka tuna da mutum biyun nan da suka miƙe a gwajin Milgram. Wataƙila akwai wani a cikinsu da ke jiran ka fara cewa a'a.

Ku kuma iyayenmu, ku san abokan 'ya'yanku, ku san inda suke hira bayan isha'i. Yaron da ake saurarensa a gida, yake da sana'a ko karatu, yake jin shi ma wani ne a cikin danginsa, ba ya saurin neman wata ƙungiya da za ta ba shi suna da matsayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku kuma kula da irin maganar da ake yi a tsakar gida game da maƙwabtan da ba harshenmu ɗaya ko addininmu ɗaya ba, domin yara suna ji, kuma suna ajiyewa.

Ga ɗan aiki ga 'yan aji biyar da shida kafin fitowa ta gaba: kowa ya tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidansu labarin wata rigima da aka taɓa yi a unguwa ko ƙauye, ya rubuto mana yadda ta fara, wa ya hura ta, kuma wa ya kashe ta. A miƙa wa malamin aji, da boko ko da ajami.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu. Wassalam.